Darasi Na 9: Raba Firigo Da Wari

A wannan darasi za mu ga abin da ke kawo wari a cikin firigo, wato firiji, da yadda ake fitar da shi gaba ɗaya, da kuma abin da za a kiyaye don kada ya dawo. Darasin na kowa ne, amma ya fi shafar masu cin abinci da firigo: mai ƙanƙara da ruwan leda, mai zoɓo da kunun aya, mai shago, mahaucin da ke ajiye ragowar nama, da uwargidan da ke sana'arta a cikin gida.

Me ya sa abin ya shafe mu

A ƙaramar hukumar Guci, wadda a da take ƙarƙashin Magarya kafin a kafa gundumar Dungas a 2011, firigo ba kayan ado ba ne, jari ne. Mutum kan tara kuɗin gero ko na riɗi, ko ya sayar da akuya, ya sayo shi daga Damagaram ko daga tsallaken iyaka, sau da yawa na hannu. Wani ya haɗa shi da wutar kamfanin NIGELEC inda waya ta kai, wani da injin janareto, wani da sola. Kowanne kuwa ya san wutarsa ba ta da tabbas: a ɗauke ta, ko mai ya ƙare, ko batir ya yi sanyi tsakar dare. Manyanmu ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. An shafe watanni ana rabon wuta, kuma an yi asarar nama da kifi da madara ba kaɗan ba.

Ga kuma zafin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Damagaram kan haura digiri 40. Firigon da wutarsa ta ɗauke a irin wannan lokaci, kafin a ankara ya koma akwati mai ɗumi da laima, a rufe ruf. Babu wurin da ruɓa ke so kamar wannan.

Asarar ba ta tsaya ga abin da ya lalace ba. Ruwa da ƙanƙara da nono suna saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da su, kuma siririyar leda ba ta tare shi. Mai saye ya fasa ruwan leda ya ji ƙarnin kifi, ba lalle ya ce komai ba don kunya. Gobe dai shagon gaba zai nufa.

Daga ina warin yake fitowa

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu sauri kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, domin tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin suke hayayyafa. In sun sami ɗumi da danshi, wasunsu kan ninka yawansu a cikin minti 20 kacal. Suna cin abincin suna fitar da iska mai ɗoyi, ita ce hancinmu ke ji. Saboda haka duk warin firigo yana da tushe: ko jinin nama da ya ɗiga, ko nonon da ya zube a lungu, ko tumatir ɗaya da ya faɗa bayan aljihun ƙasa ya narke, ko funfuna a bakin ƙofa.

Wari kuma iri-iri ne, kuma sanin irinsa shi ne rabin maganin. Na nono da kindirmo da fura da zoɓon da ya kwana tsami ne. Na kifi ƙarni ne, kuma sinadarin da ke haddasa shi dangin kanwa ne, kishiyar tsami. Na ruɓaɓɓen nama da ƙwai shi ya fi kowanne naci. Akwai kuma warin da ba na ruɓa ba: daddawa, albasa, tafarnuwa, banda. Lafiyarsu lau, amma in an bar su a buɗe sai sun bi komai.

Me ya sa ake zubar da abin da ya lalace amma warin ya ƙi tafiya? Domin cikin yawancin firigo roba ce, roba kuwa tana shan wari ta riƙe. Kamar ƙwaryar nono ce da aka taɓa zuba wa daddawa: wanki ɗaya ba ya dawo da ita.

Akwai abin da nake so kowa ya riƙe da kyau tun kafin mu kai ga wanki. Wari gargaɗi ne, amma rashin wari ba shaidar lafiya ba ce. Ƙwayoyin da suka fi kawo amai da gudawa sau da yawa ba sa sauya ƙanshin abinci ko launinsa. A lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, kimanin mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Don haka ba a ɗanɗana nama don a ji ko ya lalace, ba a kuma ba yara shi da sunan kada a yi asara. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 bayan ɗauke wuta. Firiza cikakkiya kan kai kwana 2, rabi-rabi kuma kwana 1. Da zafin bazararmu a ɗauka bai kai haka ba. Naman da ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi ya kwana, ba na ci ba ne.

Aikin wanki

Abu na farko, a cire waya daga soket. In sola ce a kashe makunnin. Ruwa da lantarki ba sa haɗuwa, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya.

Sai a kwashe komai, har da abin da ake ganin lafiyarsa ƙalau. Abin da ke da sauran sanyi a sa shi cikin kula da ƙanƙara. Abin da ya lalace a binne shi nesa da rijiya, kada a jefa shi a juji inda yara da kaji ke tono.

In ƙanƙara ta daskare a bango, a bar ƙofa a buɗe ta narke da kanta. Mai sauri ya ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki. Kada a sa wuƙa ko almakashi ko wani ƙarfe a ce za a ɓamɓare ta. Siraran bututun da ke kawo sanyi suna nan bayan bangon, tsini ɗaya ya huda su gas ya fice, firigo ya mutu. Gas ɗin da ke cikin yawancin sababbin firigo, mai lamba R600a, yana ma kama wuta.

A ciro faifan jera kaya da aljihu da duk abin da ke ciruwa, a wanke su a waje da sabulu da ruwan ɗumi, a ɗauraye, a shanya. Masu gilashi a bari su huce daga sanyi tukuna, don ruwan zafi kan fasa su. Na roba kuma kada a bar su a tsakiyar ranar azahar, za su lanƙwashe. Ranar hantsi ta isa.

Yanzu sai cikin firigon. A fara da sabulu marar turare da tsumma mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, a bi kowane lungu. Ban da soson ƙarfe, ban da toka mai yashi, domin duk ƙarzar da aka yi wa roba mazauni aka gina wa datti. Bayan sabulu sai a dubi irin warin.

In tsami ne, maganinsa bikarbonat, farin garin nan da masu burodi da cincin ke sawa, wanda ake samu a shagunan kayan fulawa da famasi. Cokali 2 na cin abinci a lita 1 ta ruwan ɗumi. In babu shi, muna da kanwa, wadda ake kawowa daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Soroa. Ita da bikarbonat dangi ɗaya ne. Duk mai girki ta san ɗan ruwan kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Aikin da zai yi a firigo ke nan. Sai dai a jiƙa ta, a bari ta kwanta, a tace, a yi amfani da ruwan kawai, saboda yashin da ke cikinta. Kuma kanwa ta fi bikarbonat ƙarfi, tana dusar da alminiyom. Firizar da cikinta alminiyom ne a sa mata ruwan kanwa marar ƙarfi, a ɗauraye nan take.

In ƙarnin kifi ne, tsami ke karya shi: ruwan lemun tsami, ko ruwan khal a gauraya rabi da rabi da ruwa. A shafa, a bar shi minti 10 zuwa 15, a goge.

Wasu kan haɗa lemun tsami da kanwa wuri ɗaya, su ga yana kumfa su ce ya yi ƙarfi. Ba ƙarfi ba ne, kashe juna suka yi. In za a yi amfani da duka biyun, a yi ɗaya, a ɗauraye, sannan a yi ɗayan.

In nama ne ya ruɓe a ciki, ko an ga funfuna baƙa-baƙa, ana bukatar ruwan jabel bayan an gama wanki: cokali 1 a lita 4 ta ruwa, a shafa, a bar shi ƴan mintoci, a ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta. Jabel ba ya haɗuwa da lemun tsami ko ruwan khal ko wani maganin wanki. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. A buɗe taga da ƙofa yayin aikin, a fitar da yara.

Wuraren da ake mantawa

Yawancin firigon da aka wanke warin ya dawo, ɗayan wurare uku ne aka tsallake. Karanta wannan hira tsakanin wata mai sayar da zoɓo da mai gyara.

"Sannu da zuwa, Malam. Wallahi abin ya ishe ni. Na wanke, na sake wankewa, har turaren wuta na kanga masa, amma da an buɗe sai ɗoyi."

"Yauwa Hajiya, sannu da aiki. Kin ciro robar bakin ƙofa kin duba cikin ninkinta?"

"A'a, na dai goge bayanta."

"To duba nan. Kin ga baƙin nan? Zoɓo ne da sukari suka kwanta, funfuna ta hau. A samo tsohon buroshin haƙori a bi shi lungu-lungu. Sannan ga wannan ƴar kafa a bangon baya, can ƙasa. Ta nan ruwa ke fita. Ta toshe."

"Ikon Allah! Ni ban taɓa sanin da ita ba."

"Mutane da yawa ba su sani ba, Hajiya. A zura mata kara mai laushi a hankali, a bi da ruwan ɗumi. Bari yaron nan ya kama mini mu jawo firigon mu ga bayansa."

"Me ke bayan kuma?"

"Ruwan da ya bi kafar nan, cikin wannan ƴar tasar yake taruwa, a kan injin, don zafin injin ya busar da shi. In jini ko nono ya biyo ruwan, to dafa shi injin yake yi dare da rana. Sunsuna ki ji."

"Subhanallahi! Ashe nan abin yake."

"Nan yake. Turaren kuwa, don Allah a daina. Zoɓonki ne zai shanye shi."

Ga su nan: robar ƙofa, kafar ruwa, da tasar bayan inji. Yayin da aka jawo firigon, a duba ƙarƙashinsa ma. Ɓera da tsaka suna son ɗumin inji, wani lokaci can suke mutuwa, a yi ta zargin abinci.

Shanya da abin da ke shan wari

Bayan wanki a goge da busasshen tsumma, a bar ƙofa a wangale. Wari marar ƙarfi yini ɗaya ya ishe shi. Na ruɓaɓɓen nama yana iya cin kwana 3 ko fiye. Na san mai sana'a zai ce kowace rana da firigo ke kashe ciniki ne ya wuce, kuma gaskiyarsa. Amma wanda ya rufe firigo da danshi ya kunna, aikin zai maimaita. Lokacin hunturu, da iska ke bushe kuma cinikin kayan sanyi ya ja baya, shi ya fi dacewa da babban wanki.

Ragowar warin da roba ta riƙe, gawayi ke janye shi. Jikin gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ke kama iska mai wari. A sami sabon gawayi busasshe wanda bai taɓa kananzir ko leda ba, a farfasa shi ƙanana, a zuba a faranti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kunna firigo babu kaya, a rufe kwana 2 zuwa 3. In da sauran wari a sake sabo. Garin bikarbonat da aka baza a faranti ma yana taimakawa, haka tsofaffin jaridu da aka dunƙule aka cika ciki da su. Daga baya a riƙa barin ɗan kwanon gawayi a lungu, ana sauya shi duk wata.

Amma gawayi mataimaki ne kawai. In tushen warin na nan, ko buhu guda aka zuba ba zai yi ba. Kuma ko kyankyaso ya addabi mutum, kada ya kuskura ya fesa maganin sauro ko ya ɗiga fiya-fiya a cikin firigo. Guba ce, roba za ta shanye ta, ta mayar wa abinci.

Warin da ba na wanki ba ne

In aka ji ƙaurin waya ko na roba mai ƙonewa, a cire wuta nan take a kira mai gyara. Firigon da ke aiki da kananzir ko gas ɗin girki, irin wanda aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a cikinsa a asibitocin karkara kafin zuwan na sola, yana ɗauke da sinadarin amoniya. In ya huje, warinsa na yanka hanci da sa hawaye. A kashe wutarsa, a buɗe ɗakin, kowa ya fita.

Akwai kuma firigon da ya riga ya wuce magani. In jinin nama ya bi tsagar roba ya shiga cikin soson da ke tsakanin bango, babu hannun da zai kai wurin. An wanke, an shanya, an sa gawayi mako guda, ɗoyi na nan: a haƙura da shi ga abinci da ƙanƙarar sayarwa. Shi ya sa mai sayen firigo na hannu ya kamata ya buɗe ya sunsuna, ya duba ko cikin ya tsage, kafin ya biya. Mataccen firigo kuma kada a yar da shi a tsakar gida da ƙofarsa. A cire ta, don yara kan shiga wasan ɓuya su kasa fitowa.

Kada ya dawo

Komai a rufe shi: kwano mai murfi, ko leda biyu a ƙulle. Ɗanyen nama da kifi a can ƙasa, cikin roba mai zurfi, don kada jininsu ya ɗiga kan dafaffen abinci. Mai sayar da ƙanƙara da ruwa, in da hali, kada ya karɓi ajiyar nama ko kifi a firizar sana'arsa. Abu ne mai nauyi a ce wa maƙwabci a'a, amma ana iya ce masa ya kawo a cikin bokiti mai murfi. Wanda kuma ya haɗa sayar da man fetur da kayan sanyi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa leda.

Abin da ya zube a goge shi a take. Duk ranar kasuwa, kafin a zuba sabon kaya, a duba tsohon. In an ɗauke wuta a rage buɗe ƙofa. In za a yi tafiya ko a kashe firigo na kwanaki, a kwashe kaya, a goge, a sa ɗan tsumma a bakin ƙofa don iska ta shiga. A gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofa a kanta, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki, sanyi na fita, a sauya ta.

Lokuta biyu sun fi kowanne bukatar shiri, azumi da Babbar Salla. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi wankin tun a watan Sha'aban, a sake kafin layya. Naman layya kuwa, inda wuta ba ta da tabbas, hanyar iyayenmu ta fi aminci. A soya shi ya soyu a mansa, ko a yanyana a shanya, a bar wa firigo abin da za a ci a kwana ɗaya ko biyu.

Wanda ba shi da firigo ma darasin bai bar shi ba. Tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana ajiye tumatir da tattasai da ganye kwanaki. Ita ma tana wari in aka bar ruɓaɓɓe a ciki. A wanke tukunyar ciki, a shanya, a sauya yashin da tsumman rufi. Ba a ajiye nama ko kifi a cikinta, sanyinta bai kai ba.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa warin kan ci gaba bayan an zubar da abin da ya lalace?
2. Wane wari ake sa wa ruwan kanwa, wanne kuma ake sa wa lemun tsami?
3. Faɗi wurare uku da mai gyara ya nuna wa Hajiya.
4. In cokali 1 na jabel ake sa wa lita 4 ta ruwa, cokali nawa za a sa wa jarka mai lita 20?
5. Rubuta jimla uku da za ka faɗa wa maƙwabcin da ya kawo ajiyar kifi a firizar ƙanƙararka, ba tare da ka ɓata masa rai ba.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi izinin mai firigo a gidansu ko a unguwarsu, a cire wuta, a jawo shi, a duba tasar bayan injin da robar ƙofa. Ku zo ku faɗa wa aji abin da kuka gani.